Littafin Ƙofofi: Aikin Rauta Kafin A Koma Danna Maɓalli Ɗaya

A cikin masu haɗa intanet da kyamarorin tsaro a Kano akwai wani dattijo da yaran titin Beirut ke kira Baba Injiniya. Bana ya bar wa yaransa shago, don ido ya gaji, gwiwa kuma ta daina jure hawa tsani. Abin da ya tono masa tarihin sana'ar tambayar wani sabon yaro ce: "Baba, na kunna UPnP a rautar Alhaji, na kashe na sake kunnawa, amma kyamara ta ƙi fita a waya. Ko rautar ce ta mutu?" Baba ya nemi ya faɗa masa adireshin da ke gefen WAN. Yaron bai ma san shafin da ake dubawa ba.

Nan ne takaicin Baba yake. A hannun maigidan da ya koya masa aiki, wanda bai iya karanta wannan shafi ba, ko filaya ba a ba shi.

Maigidan nasa tsohon ma'aikacin wayar tarho ne da ya koma harkar intanet a zamanin kafe da farantan VSAT, daidai lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001. Yana da wani dogon littafi mai bangon kwali, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi. Kowane kwastoma da shafinsa: adireshin DVR na cikin gida, ƙofofin da aka buɗe, da ranar da aka sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita. Idan Hikvision ce, 80 da 8000 da 554; idan Dahua ce, sai a ƙara lura da 37777. Dokarsa ta farko, ba a barin ƙofa 80 a inda take, sai an ɗaga ta zuwa wata lamba. Ta biyu, DVR sai an kafe mata adireshi a wajen jerin da rauta ke rabawa, domin a garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, duk dawowar wuta na'urori sai su yi musayar adireshi, ƙofar da aka buɗe wa kyamara ta koma kan wayar mai gadi.

Doka ta uku ce Baba ya fi jin daɗin ba da labarinta: ba a gwaji daga cikin gida. Rautoci da yawa ba sa iya juyo da saƙo ciki idan aka kira adireshinsu na waje daga ɗaki ɗaya, sai aiki mai kyau ya zama kamar ya lalace. Saboda haka yaro zai hau acaɓa ya tafi kafe a wata unguwa, ya sayi rabin awa, ya buɗe kyamarar, sannan ya yi wa oga filashin. Filashin ɗaya, hoto ya fito. Biyu, a sake duba. Daga nan hira takan kauce, Baba ya shiga lissafin yadda hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 ya tsawaita kowane aiki, kafin data ta waya ta yi arha har a riƙa gwaji daga bakin ƙofa.

Sai batun DynDNS. Adireshin waje yana sauyawa, don haka kowane Alhaji sai an yi masa suna na kyauta da zai riƙa bin adireshin. Da aka rufe tsarin kyautar a Mayun 2014, masu sana'a suka yi ta komawa No-IP, inda sai an sabunta sunan duk kwana 30. Littafin ya samu sabon layi na ranakun sabuntawa.

UPnP kuwa ba baƙuwa ba ce gare su. Microsoft ce ta fito da ita a 1999, ƙa'idar da ta shafi rauta ta biyo a 2001, Apple ta kawo nata NAT-PMP a 2005. Na'ura ce za ta yi shela ta ƙofa 1900, rauta ta amsa, ta buɗe mata abin da ta nema, ba tare da tambayar kalmar sirri ba. Wannan rashin tambaya ne ya sa maigidan yake kashe ta a duk rautar da ya taɓa. A Janairun 2013 binciken kamfanin Rapid7 ya nuna na'urori miliyan 40 zuwa 50 a duniya na cikin haɗari ta wannan hanya. A Oktoban 2016 kuma muguwar manhajar Mirai ta tara kyamarori da DVR masu kalmar sirrin masana'anta ta afka wa Dyn, kamfanin DynDNS, manyan shafuka irin su Twitter suka tsaya a Amurka. Baba yana alfahari da cewa babu shafi a littafinsu da aka bar layin kalmar sirri fayau.

Duk da haka ba ya cewa a daina amfani da UPnP. Abin da yake nema shi ne a bi matsala bi da bi. A fara da adireshin WAN. Idan ya fara da 192.168, akwai wata rauta a gaba, galibi akwatin kamfanin layi ko MiFi, kuma UPnP ta buɗe ƙofar ciki ne kawai. Sai a mayar da ta gaban gada, ko a sa ta biyun a DMZ. Idan yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfani ne ya haɗa kwastomomi da yawa a adireshi ɗaya, kuma ko kwana aka yi ana danna maɓalli babu abin da zai buɗu. Dalili sananne ne: IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 ne, IANA ta raba ragowarsu a Fabrairun 2011, aka ware wancan jerin a 2012. Matsalar Alhajin yaron ke nan. Idan adireshin na waje ne sosai, sai a duba ko na'urar na kan layin baƙi, wanda ke toshe shelar, ko akwai tsohuwar doka ta hannu da ta riga ta riƙe ƙofar, ko teburin ƙofofin UPnP ya goge bayan ɗauke wuta alhali DVR ba ta sake nema ba.

Yau kyamarori sun koma P2P: a ɗauki lambar QR, hoto ya fito, yaro ya karɓi kuɗinsa. Baba yana ƙorafin cewa kaɗan ne a cikin yaran za su iya faɗa wa kwastoma cewa haɗin ta sabar wata ƙasa yake bi. Masu neman tsohon ilimin yanzu masu gidajen gem ne, waɗanda PlayStation ke nuna musu NAT Type 3, ko Xbox biyu ke rigimar ƙofa 3074 a rauta ɗaya. Irin waɗannan yakan ce su tambayi kamfaninsu kuɗin adireshi na kansu tukuna, kafin su kashe ko sisi a kan sabuwar rauta.