Keke, Ƙurar Hunturu da Giyar da ke Ɓoye a Cikin Taya

A labaranmu mun saba cewa "ya hau kekensa ya tafi", shi ke nan. Ba ma tambayar wane irin keke ne, alhali a Kaduna ta shekarun 1950 da 1960 keke dukiya ce, shi ne motar akawu da masinja da malamin makaranta.

Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya zama na ma'aikata. Ofisoshi suna can wajen Lugard Hall, ma'aikata kuwa suna kwana a Tudun Wada da Kawo, hanyoyin unguwa ba kwalta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar nan lallausa ce kamar gari. Idan ta haɗu da man kaca sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin haƙoran ƙarfe a hankali.

Maganin abin daga Ingila ya zo, ko da yake su ruwa da taɓo suke gudu. A 1902 aka yi rajistar wata giya mai suna Sturmey-Archer, wadda kamfanin Raleigh na Nottingham ya riƙa ƙerawa. (Giyar inji muke nufi, kada wani ya kai mu ƙara wajen Hisba.) Dabarar ita ce a tattara ƙananan haƙora a rufe su cikin gwangwanin da ke tsakiyar tayar baya, ƙura ba ta ganinsu. Samfurin AW na 1936 shi ya fi shahara. Giyarsa uku: ta farko tana sauƙaƙa feda da kashi 25 cikin ɗari don hawan tudu, ta biyu daidai take da keken da ba giya, ta uku tana ƙara gudu da kusan kashi 33. Ana iya sauya giya ko a tsaye. Abincinsa ɗigon mai ne ta wata 'yar ƙofa a jikin gwangwanin.

Yana da halinsa kuwa. Wata 'yar siririyar sarƙa tana fitowa daga bakin ƙarfen tayar, waya na jan ta. Idan saitin ya kuskure, tsakanin giya ta biyu da ta uku feda takan zame ta juya a banza, mai keke ya daki sirdi ko ya sha ƙasa. Ga abin da marubuci zai yi wa jaruminsa a gaban gidan surukai. Sannan a jikin gwangwanin ana buga wata da shekarar da aka ƙera shi, don haka tsohon keken da ke jingine a zaure zai iya faɗin shekarunsa.

Duk da haka ba shi ya ci kasuwa ba. Yawancin Raleigh da suka cika titunanmu, har da waɗanda aka riƙa haɗawa a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin da suka biyo baya, giyarsu ɗaya ce tal, wasu da murfin kaca. A ganinmu dalilin a fili yake: kowane mai faci a gindin bishiya zai gyara keke mai giya ɗaya da sifana da guduma, amma buɗe gwangwanin nan sai gwani, kayansa kuma sai an nemo.

Kekunan gwanjo na yau kuwa giyarsu a waje take tsirara, haƙora jere, ƙura na shiga yadda ta so. Idan jarumarku 'yar Kawo za ta sayi keken da zai kai ta makaranta cikin hunturu, ku sa ta fara tambayar mai gyaran unguwarsu ko ya taɓa buɗe mai giyar ciki. Sturmey-Archer na nan har yanzu, amma tun shekarar 2000 ya koma hannun kamfanin SunRace na Taiwan.