Daga Tsagar Wanzami Zuwa Lambar NIN: Tarihin Shaidar Ɗan Ƙasa da Rufin Asiri a Najeriya

Shaidar asali mafi daɗewa a ƙasar Hausa a fuska take. Ranar suna ko jim kaɗan bayanta, wanzami kan zo da zabirarsa, ya yi wa jariri aski, ya cire masa beli, sannan ya yi masa tsagar gidansu. Da ganin Bagobiri an san shi, haka Bakabe da Bazamfare da Babarbare, kowa da irin zanensa. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi tsaga tana da amfanin da ya wuce ado, domin yaron da aka sace yana ƙarami kan iya komawa ga danginsa bayan shekaru albarkacin zanen kumatunsa. Amma abin da ke cetonsa a wannan gari shi ke tona shi a wancan, idan ya faɗa hannun abokan gabar mutanensa. Duk da haka, iyakar abin da tsaga ke faɗa ƙasa ce da dangi. Ba ta faɗin dukiyar mutum, ko bashin da ke kansa, ko wanda ya yi magana da shi jiya da dare.

Sauran bayani sanayya ce ke ɗauke da shi. Baƙo idan ya shigo gari yakan sauka a zango ko a gidan fatoma, mai masaukin ya tsaya masa, mai unguwa ya san da zamansa, dagaci ya ji daga mai unguwa. Ɗan gari kuwa an san shi da “ɗan wane, jikan wane”. Wato labarin mutum a warwatse yake cikin kawunan jama’a, kowa da ɗan abin da ya sani, kuma duk wanda ya san sirrinka kai ma ka san nasa, kunya na tsakaninku. Al’adar kanta a kan suturta al’amura aka gina ta. Zaure ne iyakar baƙo namiji, a wasu ƙofofin har a rubuta “ba shiga”. Mace ba ta kiran sunan mijinta, iyaye kan yi alkunyar sunan ɗan fari, makiyayi ba ya faɗin yawan shanunsa, magidanci ba ya son a ƙirga masa ’ya’ya. Addu’ar da ta fi yawa a bakin talaka da mai kuɗi ita ce “Allah Ya rufa asiri”. Duk tsarin da zai zo yana tambayar suna da shekaru da hoton fuska a lokaci guda, da wannan tarbiyya zai yi karo.

Takarda ta fara shiga tsakanin mutum da hukuma ne bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Mulkin En’e ya dogara ga haraji da jangali, don haka sai da aka rubuta sunayen magidanta da baligai gari-gari, unguwa-unguwa. Wanda ya biya akan yanka masa rasit, kuma wannan ’yar takarda ta zama katin shaida ba tare da an kira ta haka ba. Ɗan ci-rani kan ninke ta ya cusa a cikin hula ko a laya, saboda ɗan doka na iya tare shi a hanya ko a kasuwa ya ce ya nuna, in babu ya kwana a hannu. Daga nan talaka ya koyi darasin da ya daɗe bai manta ba, cewa hukuma ba ta rubuta sunan mutum sai tana son wani abu a wurinsa. Lokacin jangali Fulani kan kora wani sashe na garke cikin daji kafin masu ƙirga su iso. Ko da gwamnatocin jam’iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, tsoron rajista bai bi su ya tafi ba.

Bayan samun ’yancin kai, rashin takarda ya zama masifa ta daban. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako 2 su fice, aka kwaso dubban Hausawa da Yarabawa da mutanen Nijar, cikinsu har da waɗanda a zangunan Kumasi da Akara aka haife su. Najeriya ta yi irin wannan kora a 1983. Tsakanin biyun aka yi abin da ya fi nuna hatsarin barin tantance ɗan ƙasa a hannun mai mulki shi kaɗai: a Janairun 1980 jami’an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma ɗan jam’iyyar adawa ta GNPP, suka tsallaka da shi Cadi bisa da’awar cewa mahaifinsa ɗan can ne. Sai da aka je babbar kotu a Maiduguri, ta yanke cewa ɗan Najeriya ne, korar kuma haramtacciya ce.

Maganar katin ɗan ƙasa ta taso ne a shekarun mulkin soja, kuma a 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar da ta tanadi sashen rajistar ’yan ƙasa a ƙarƙashin ma’aikatar harkokin cikin gida. Aka shafe sama da shekara 20 ana ba da kwangila ana sokewa, kuɗi na tafiya, kati bai fito ba. Sai a 2001, Obasanjo ya dawo a farar hula, aka ba kamfanin Sagem na Faransa aikin kan dala miliyan 214. An yi rajistar a farkon 2003, aka ɗauki hoto da zanen yatsun mutum kimanin miliyan 52. Manyan ’yan siyasar Arewa da dama sun yi adawa da shirin, saboda zargin cewa ƙidayar jama’a ce aka ɓoye a cikinsa, ana gab da zaɓe, don a ƙaryata yawan mutanen yankin. A ƙarshen shekarar kuma badaƙalar cin hanci ta fashe, aka gurfanar da manyan jami’ai, ciki har da tsohon ministan cikin gida Sunday Afolabi, wanda ya rasu a 2004 kafin a kai ƙarshen shari’ar. Wata kotu a Faris ta ci kamfanin Safran, magajin Sagem, tarar yuro 500,000 a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2015. A duk wannan hayaniya kan kuɗi da siyasa, tambayar da ta fi cancanta ba ta samu mai yi da ƙarfi ba: ina aka ajiye zanen yatsun miliyoyin mutane, kuma wa ke da mabuɗin wurin?

Wata doka ta 2007 ta kafa hukumar shaidar ɗan ƙasa ta NIMC, ta kuma sauya tunanin gaba ɗaya. Kati ya koma abu na biyu, lamba ta zama asali. NIN lamba ce mai alƙaluma 11 da ake ba mutum sau ɗaya a rayuwa, a ɗaure ta da zanen yatsunsa 10 da hoton fuskarsa a rumbun bayanai na ƙasa. Sauran hukumomi ba su jira ta ba. Hukumar sadarwa ta NCC ta fara rajistar layukan waya da hoto da yatsa a 2011, hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta yi tata rajistar a shekarar, Babban Banki ya ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki ta BVN a Fabrairun 2014, ga na fasfo, ga na lasisin tuƙi. Mutum ɗaya ya dangwala yatsa a wuri 5 ko 6, alhali a lokacin babu wata dokar majalisa da ta fayyace haƙƙinsa a kan abin da ya bayar. A watan Agustan 2014 Shugaba Jonathan ya ƙaddamar da sabon katin ɗan ƙasa mai ɗauke da tambarin MasterCard, wanda za a iya cire kuɗi da shi. Masu fafutuka, ciki har da Shehu Sani, suka yi ca a kan liƙa tambarin kamfanin Amurka a shaidar ɗan ƙasa. NIMC ta ce kamfanin ba ya ganin bayanan rumbun, amma katin bai kai hannun mafi yawan jama’a ba.

Wurin rajista shi ne inda tsarin ke haɗuwa da rayuwar Bahaushe ido da ido. Fom ɗin yana neman “sunan iyali”, abin da al’adar ba ta da shi a siffar da Turawa suka sani, shi ya sa tun zamanin makarantun En’e wasu suka ɗauki sunan garinsu, kamar Shehu Shagari da Aminu Kano, wasu na mahaifi, wasu na kaka. Mutum ɗaya ya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammad a fasfo, na’ura kuma ta ce mutum uku ne. Dattijon da aka haifa “shekarar da aka yi fari” sai ma’aikaci ya yanka masa 1 ga Janairu. Manomi ko birkila da aiki ya cinye zanen yatsunsa zai yi ta dannawa gilashin na ƙin karɓa. Matar da ba ta saba buɗe fuska gaban baƙo ba za ta zauna gaban kyamara, saurayin da bai kai ƙaninta ba yana tambayarta shekarunta da sunan mijinta, layi na saurare. Kuskuren harafi ɗaya kuma na iya jawo takardar rantsuwa a kotu, da kuɗin gyara, da zirga-zirgar watanni.

Abin da ya tilasta wa kowa shiga shi ne umarnin Disambar 2020, lokacin da ministan sadarwa Isa Ali Pantami ya ce a haɗa kowane layin waya da NIN cikin mako 2 ko a rufe shi. Ana tsakiyar annobar korona mutane suka yi dafifi a ofisoshin NIMC tun kafin asuba. An ɗage wa’adin sau da yawa, har a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya. Hukumar JAMB ta wajabta lambar ga masu jarrabawa daga 2021, bankuna da ofishin fasfo su ma suka bi sahu, kuma zuwa 2023 masu NIN sun haura miliyan 100. Hujjar gwamnati ita ce tsaro, hujjar da ke da nauyi ƙwarai ga mutanen Zamfara da Katsina da Kaduna. Sai dai masu garkuwa da mutane ba su daina kiran iyalai ta waya suna cinikin kuɗin fansa ba, har shi Pantami, bayan ya bar ofis, ya fito a Janairun 2024 yana kukan cewa jami’an tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Talaka ya ba da nasa kason cif-cif, abin da aka yi masa alkawari a madadi ne bai gani ba.

Illar tara komai a kan lamba ɗaya ta fito fili a 2024. A watan Maris kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta ba da rahoton wani shafin intanet mai zaman kansa da ke fito da bayanan masu NIN ga duk wanda ya biya ’yan kuɗi kaɗan. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafin da ke sayar da irin wannan bayani kan naira 100, ta ce har takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani ta saya don kafa hujja. NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta, ta kuma taƙaita damar wasu wakilan da ta ba lasisin tantancewa. Ko ta ina ɓarakar ta fito, sakamakon ɗaya ne ga mai lambar. Wanda ya riƙe sunanka da hotonka da ranar haihuwarka da lambar wayarka zai iya kiranka da sunan ma’aikacin banki ka yarda, ko ya yi rajistar layi da sunanka a aikata laifi da shi. Akwai kuma ɓarakar da ba ta buƙatar gwanin kwamfuta: kwafin takardar NIN da ake bari a shagon hoto, da wanda ake karɓa gida-gida da sunan tallafi, da manhajojin bashi da ke kwashe lambobin wayar mutum su aika wa surukansa saƙon cewa ya ci bashi ya gudu. A al’ummar da ke roƙon rufin asiri safe da yamma, wannan tozarci ya fi asarar kuɗin ciwo. Lambar sirri ta katin banki ana canza ta in ta fita, zanen yatsa kuwa ba shi da canji.

Kariyar doka ta zo a makare. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, amma a dunƙule. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar da ƙa’idar kare bayanai a Janairun 2019, sai a Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan cikakkiyar doka da ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, wato shekara 20 bayan rajistar Sagem. Dokar ta sa zanen yatsa da bayanin lafiya da addini da ƙabila cikin bayanai masu tsananin muhimmanci, ta ba mutum ikon sanin abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara ko a goge, ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanai suka fita, ta kuma tanadi tarar da kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar babban kamfani a shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta bar ƙofa a buɗe ga hukumomin tsaro da masu binciken laifi, kuma a nan ne masu kare haƙƙi suka fi nuna damuwa, ganin cewa tun 2019 akwai ƙa’idar NCC da ta halatta sauraron wayar mutane bisa wasu sharuɗɗa. A ɓangaren fasaha, NIMC ta fito da lambar wucin gadi mai haruffa da alƙaluma 16 da ke mutuwa bayan awa 72, domin mutum ya bayar a maimakon NIN ɗinsa na asali, ko da yake ofisoshi da yawa har yanzu kwafin takardar suke nema. A Afrilun 2024 kuma hukumar ta sanar da shirin wani sabon kati tare da Babban Banki, wanda zai haɗa shaidar ɗan ƙasa da biyan kuɗi da karɓar tallafin gwamnati a wuri guda.