Yaushe doka ta bai wa gandiroba damar amfani da ƙarfi a Faransa?

Gandiroban da ke zagaya ɗakunan fursunoni a Fleury-Mérogis, gidan yari mafi girma a Turai da ke kudancin Paris, ba ya rataye da bindiga. Haka abin yake a Corbas, kusa da Lyon. Abin dogaronsa shi ne horon da ya samu a ENAP, makarantar gandirobobi da ke garin Agen tun 2000, inda ake koya masa kare kai, da danne fursuna ba tare da yi masa lahani ba, da kwantar da tarzoma da fatar baki.

Dokar gidajen yari ta 2009 ta taƙaita amfani da ƙarfi ga kare kai, da hana tserewa, da fursunan da ya bijire wa umarni, kuma kada ya wuce gwargwadon buƙata. Idan rikici ya fi ƙarfin masu gadi, sai a kira ERIS, rundunar musamman da aka kafa a 2003.

Sai dai gandirobobi da dama na ganin an bar su hannu rabbana. A Janairun 2018, bayan wani fursuna ya raunata uku daga cikinsu a Vendin-le-Vieil, sun toshe ƙofofin gidajen yari a faɗin ƙasar. Ƙungiyar ƙwadago ta CGT, mai hedikwata a Montreuil, ta ƙi sa hannu kan yarjejeniyar da gwamnati ta gabatar.

A 2019 kuwa, ƙungiyar OIP mai kare haƙƙin fursunoni ta fitar da rahoton da ke zargin ana rufa-rufa kan dukan da wasu gandirobobi ke yi wa fursunoni.