Amsoshin Takardunku: Asalin 'Yan Kwana-Kwana, 'Yan Sanda Da Duba-Gari

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da takarda yana cewa, don Allah a ba shi tarihin yadda aka fara aikin 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da duba-gari. Shin tun asali gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu, ko kuwa jama'ar gari ne?

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya. Kowace al'umma dai tana da hanyarta ta tsaron gari tun fil azal, kamar yadda sarakunan ƙasar Hausa suke da dogarai. Amma tsarin da muke gani yau, na ma'aikata masu kaki da albashi, daga Ingila Turawan mulkin mallaka suka kawo mana shi. Saboda haka bari mu leƙa birnin Landan.

A da can, a Landan, kowace unguwa ita ke ji da kanta. Ita za ta naɗa masu gadin dare, ta tanadi bokitan fata da tsani saboda gobara. Ana nan, ran 2 ga Satumba 1666, wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a layin Pudding Lane. Gidajen na katako ne, a cunkushe, ga iska. Magajin garin kuwa ya yi ta jan ƙafa wajen ba da iznin rushe gidajen da ke gaban wutar don a datse ta. Sai da ta kwana huɗu tana ci, ta lashe gidaje kimanin 13,200 da coci 87. A 1667 aka yi dokar cewa duk wanda zai sake gini, to ya yi da tubali ko dutse.

Bayan wannan ne kamfanonin inshora suka kafa nasu 'yan kashe gobara, kowane yana manna tambarinsa a bangon gidan da ya biya shi. A 1833 kamfanoni goma suka haɗa nasu wuri guda a ƙarƙashin James Braidwood, wanda tun 1824 ya shugabanci 'yan kwana-kwanan birnin Edinburgh. A watan Yuni 1861 wata gagarumar gobara ta kama ɗakunan ajiyar kaya a titin Tooley, bango ya faɗo wa Braidwood ya mutu. Kamfanonin suka ce nauyin ya fi ƙarfinsu. Daga nan majalisa ta yi doka a 1865, kuma ran 1 ga Janairu 1866 aikin ya koma hannun hukuma. Ka ga kusan shekara 200 ke nan bayan babbar gobarar.

Batun 'yan sanda kuwa, masu gadin unguwa yawancinsu tsofaffi ne, ladansu bai taka kara ya karya ba, kuma ɓarawo na tsallaka iyakar unguwa shi ke nan ya sha. A 1749 wani alƙali, Henry Fielding, ya ɗauki 'yan mutane kaɗan a Bow Street don farautar masu laifi. Amma rundunar sosai sai a 1829, lokacin da ministan harkokin cikin gida, Robert Peel, ya shawo kan majalisa. Mutum wajen 1,000 suka fara sintiri a watan Satumba na shekarar. Jama'a sun ji tsoron kada a ɗora musu soja, shi ya sa aka ba su shuɗin kaya maimakon ja irin na soja, aka kuma ba su kulki a madadin bindiga.

Sai kiwon lafiya. Cutar kwalara, watau amai da gudawa, ta shiga Landan a 1832. A lokacin likitoci sun ɗauka wari ne ke yaɗa ta. A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahoto kan ƙazantar unguwannin talakawa, wanda ya kai ga dokar lafiyar jama'a ta 1848. A 1854 cutar ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum 616. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, sai ya tarar akasarinsu famfo ɗaya suke sha a titin Broad. Ya je gaban dattawan hukumar unguwar, washegari, 8 ga Satumba, suka cire hannun famfon. Daga baya aka gano wani ramin masai ne dab da rijiyar yake yoyo a ciki.

Duk da haka manya ba su motsa ba sai a bazarar 1858, da warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a cikin zaurensu. Nan da nan aka amince da kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa. Kwalara ta ƙarshe da ta yi ɓarna a Landan ita ce ta 1866, a gabashin birnin inda aikin bai kammala ba. Dokar 1875 kuma ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki likita da mai duba tsabta. To ka ji kakan duba-gari, wanda iyayenmu ke ba da labarin yadda yake leƙa randa da masai, ya sa a ci mai gida tara.

A Nijeriya, an haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna guda a 1930, yayin da 'yan doka suka ci gaba da aiki a ƙarƙashin En'e har bayan samun mulkin kai.

Abin lura a nan, malam, duk ukun sai da aka yi asarar rayuka da dukiya kafin a tsara su. Wuta da annoba da ɓarawo ba ruwansu da iyakar unguwa, don haka dole hukuma ta shigo. Amma fa hannun famfon nan, mutanen unguwa ne suka cire shi. Kafin hunturu ya kama, sai a duba ko motar kwana-kwana za ta iya ratsa kasuwarku. Kafin damina kuma, a duba tazarar da ke tsakanin rijiya da masai. Da fatan mai tambaya ya gamsu.