Aikin kashe gobara a kudancin birnin Kaduna

Aikin kashe gobara a kudancin birnin Kaduna ya shafi unguwannin da ke tsallaken Kogin Kaduna ta kudu, kamar Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, waɗanda suke cikin ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun. (Wannan yanki daban yake da Kudancin Kaduna, inda su Kafanchan suke.) Babban nauyin aikin yana kan Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kaduna, wadda jama'a suka fi kiran ma'aikatanta 'yan kwana-kwana.

Tushen doka

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 bai sa kashe gobara a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya ta keɓanta da su ba, bai kuma sa shi a jerin haɗaka ba. Saboda haka majalisar dokokin kowace jiha ce ke da hurumin yi wa aikin doka. Ita kuwa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya ta samo asali ne daga sashen 'yan sandan Legas a 1901, ta tsaya da ƙafarta da dokar 1963, kuma a yau tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Akwai ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 da ƙa'idojin kariya daga gobara na 2013, amma ƙarfinsu a jiha ya dogara ne ga yadda jihar ta ɗauke su ta aiwatar. A Kaduna, hukumar KASUPDA ce ke ba da izinin gini.

Matsalar wannan yanki ita ce, abubuwan da suka fi haɗari a cikinsa ba a hannun jiha suke ba. Man fetur da iskar gas na tarayya ne. Hukumar DPR ce take ba da lasisin gidajen mai da na gas, har zuwa 2021 da dokar masana'antar man fetur ta mayar da aikin ga NMDPRA. Wato wata hukuma ce ke ba da lasisi, wata daban ce ake kira idan wuta ta tashi.

Haɗarin yankin

Kakuri ita ce unguwar masana'antu ta Kaduna. A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, da kamfanin ƙera makamai na DICON a 1964, da na haɗa motocin Peugeot a 1975. Matatar man Kaduna, wadda aka ƙaddamar a 1980 kuma daga baya aka ƙara ƙarfinta zuwa tace ganga 110,000 a rana, tana cikin Chikun. Gidajen ma'aikata da kasuwanni sun taso a kewayen waɗannan wurare cikin cunkoso, kuma lungu da yawa ba ya ɗaukar babbar motar ruwa. An fi samun gobara da hunturu, lokacin da iska ta bushe.

Ranar 4 ga Janairu, 2020, gas ya fashe a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha. Cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. Bayan haka gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ba da umarnin rufe shagunan ɗura gas da ke tsakiyar gidajen jama'a.

Kuɗin gudanarwa

Albashi da motoci da gyaran tashoshi duk daga kasafin kuɗin jiha suke fitowa, wanda majalisar dokoki mai mambobi 34 take amincewa da shi duk shekara. Tun 2015 jihar take aiki da asusun bai ɗaya, don haka kuɗin da hukumomi suka tara ba ya zama a hannunsu, baitulmalin jiha yake shiga. Sanya kuɗi a kasafi kuma ba shi ne sakinsu ba, kuma abin da aka saki shi ne yake sayen man mota da kayan aiki.

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kiranta kyauta ne.