Giwa Mai Fukafukai: Tashi da Faɗuwar Nigeria Airways

A watan Nuwamban 1925 ne jiragen sojan saman Ingila guda uku da suka taso daga Alƙahira suka sauka Kano. A wancan zamani, mutumin Daura da ya yi niyyar Hajji yakan yi sallama da dangi kamar wanda ba zai dawo ba, ya bi ta Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago, wani sai ya shekara bakwai.

A 1946 Turawa suka kafa kamfanin jiragen sama na WAAC, na haɗin gwiwar Nijeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. Da Gana ta sami 'yanci ta ware, sai aka kafa na Nijeriya, wato Nigeria Airways, a 1958: gwamnati na da kashi 51, sauran na hannun kamfanonin Elder Dempster da BOAC. A 1961 gwamnati ta saye shi ɗungurungum. Tambarinsa giwa ce mai fukafukai.

Ɗan boko ya san kamfanin da zuwa Landan, amma talakan Arewa da jigilar alhazai ya san shi. A wancan lokaci, maniyyatan ƙasar Daura, daga Baure zuwa Mai'aduwa, sukan yi ɗango zuwa sansanin alhazai na Kano, su shimfiɗa tabarmi, da kilishi da garin yaji a ƙulle, kunne na wajen lasifika ana kiran sunaye. Tafiyar shekaru ta koma ta 'yan sa'o'i. A ganina wannan ne babban aikin da kamfanin ya yi wa ƙasar Hausa, kuma a nan ne ya fi sa mu kuka. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin Boeing 707 da Nigeria Airways ya ɗauko haya daga kamfanin Alia na Jodan ya yi hatsari wajen sauka Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu, akasarinsu alhazai. Ranar 11 ga Yulin 1991 kuma, wani na haya ya kama da wuta bayan tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu.

Kuɗin mai sun haɓaka kamfanin har ya mallaki jirage wajen talatin, ya horar da matuƙa da injiniyoyi 'yan ƙasa. Amma ma'aikata sun yi masa yawa, shugabanni na sauyawa ba ƙaƙƙautawa, bashi ya yi katutu. An ɗauko Turawan KLM a 1979 su gyara, suka yi shekara biyu suka tafi. Kamfanin jiragen Kabo Air da takwarorinsa suka fara janye fasinja. A 2003 ya daina tashi, gwamnatin Obasanjo ta rushe shi, tsofaffin ma'aikata suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu.

Da ɗan Daura, Muhammadu Buhari, ya hau mulki, aka sa rai giwar za ta sake tashi. Ministansa na harkar jiragen sama, Hadi Sirika, ya bayyana sunan sabon kamfani, Nigeria Air, a Ingila cikin Yulin 2018, daga baya aka zaɓi Ethiopian Airlines da kashi 49. Ana saura kwana uku gwamnatin ta sauka, a Mayun 2023, aka kawo jirgi ɗaya Abuja, wanda ya tabbata na Habasha ne aka yi wa fenti. A Agustan 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar. Yau maniyyatan Daura daga filin jirgi na Katsina suke tashi, galibi a Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal.