2.2 Likita ko Na'ura: Tarihin Jinya ta Hanyar Tattaunawa a Amurka

Idan aka dubi tarihin jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa a ƙasar Amurka, za a ga cewa dokokin sana'ar sun riga kwamfuta shigowa fagen. Tun a shekarar 1945 jihar Konetikat ta kafa dokar tantance masana halayyar ɗan'adam, sannan a 1953 ƙungiyar masanan ta ƙasa baki ɗaya ta fitar da kundin ladubban aiki. Duk waɗannan dokoki an gina su ne a kan mutum mai suna, wanda za a iya tuhumarsa ko a raba shi da takardar izininsa.

A shekarar 1966 ne Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya bayyana wata manhaja mai suna ELIZA. Manhajar tana kwaikwayon salon Carl Rogers, wato likita ya mayar wa majinyaci maganarsa cikin sigar tambaya. Ba ta fahimtar komai. Kalmomi kawai take tsinta ta juya su. Amma duk da haka mutane suka riƙa fallasa mata asirin zuciyarsu, har ma sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka haɗa manhajar, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin domin ta gana da ita. Shi kuwa Kenneth Colby, likitan ƙwaƙwalwa, sai ya ga alheri a ciki, yana hasashen na'ura ɗaya za ta duba ɗaruruwan majinyata cikin awa guda. Wannan ya tayar wa Weizenbaum hankali ƙwarai, inda a littafinsa na 1976 ya nuna cewa akwai aikin da bai dace a ɗora wa na'ura ba ko da za ta iya.

Abin lura shi ne, a wannan shekara ta 1976 kotun ƙolin jihar Kalifoniya, a shari'ar Tarasoff, ta wajabta wa likita ya kare duk wanda majinyacinsa ke barazanar cutarwa. Wato nauyin likita yana ƙaruwa, alhali ba a ɗora wa na'ura ko ɗaya ba. A nan hujjar Weizenbaum ta fi ta Colby ƙarfi, domin yawan majinyata bai amsa tambayar wa za a kama idan an samu ɓarna ba.

An ga wannan giɓi a zahiri a 2023, lokacin da ƙungiyar NEDA ta dakatar da manhajar Tessa bayan ta shawarci masu larurar cin abinci da su rage ƙiba. Babu takardar izinin da aka ƙwace, domin babu mai ita. Sai a watan Agustan 2025 jihar Ilinoi ta haramta gudanar da irin wannan jinya ba tare da ƙwararre mai izini ba, ta kuma sanya tarar da ta kai dala 10,000 ga wanda ya karya dokar.